Yadda zaka gane ko bakanike ya maka adalci a kuɗin kaya da kuɗin aiki

Duk mai mota ya san wannan wayar. Ka kai mota gareji da safe tana ɗan ƙara a ƙafar gaba, ka wuce wajen nema, can bayan azahar sai kira ya shigo, "Alhaji mun duba fa, aikin naka zai ci dubu 85." Shikenan, kuɗi ɗaya dunƙule, baka san nawa ne na kaya ba, baka san nawa ne na hannu ba, mota kuma an riga an ɗaga ta a jak an kwance taya, kai kuma gobe da safe akwai kai yara makaranta. Sai ka fara ciniki a makance, yace 85 kace 60, a daidaita a 75, ka tafi zuciyarka na raya maka an cuce ka, shi ma yana can yana cewa Alhajin nan akwai matsi. Kowa ya tashi da ƙorafi kuma babu wanda ya san gaskiyar lissafin.

Ni abin da na gano bayan shekaru ina zirga zirga a gareji shine, rigimar nan kusan duk daga dunƙule kuɗin take tasowa. Idan aka raba, kaya daban aiki daban, tun kafin sifana ta taɓa motar, rabin zargin ya mutu. Ɗaya rabin kuma yana wuyanmu mu masu mota, zan zo kansa, don wlh muna da namu laifin.

Tun daga shigarka gareji ake fara tsare kai

Kar ka je kace "canza min shokazoba" alhali ba ka tabbatar shi bane. In ka faɗi haka zai canza, kuɗinka ya tafi, ƙarar kuma tana nan don ashe bushin ne ko bol join. Faɗa masa abin da kake ji kawai, yaushe take yi, da sanyin safiya ne ko sai inji ya yi zafi, a kan gargada ne ko in ka taka birki, sannan ku shiga motar tare ku zaga ya ji da kunnensa. Daga nan ka faɗa masa magana ɗaya a fili: oga duba ka faɗa min, amma dan Allah kar a kwance komai kar a sayi komai sai ka kira ni. Kuma ka tambayi kuɗin dubawa. Da yawa suna cewa ba komai, to amma dubawar ma aiki ce, wani lokacin ita ce mafi wahala a duk gyaran, in ka biya ta daban kana da bakin ɗaukar motarka ka kai wani wajen ba tare da kunya ba.

Idan fitilar inji ce ta kama a dashbod, a saka mata kwamfuta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 zuwa sama duk suna da wajen jona na'urar a ƙasan sitiyari, kuma yawancin Corolla da Camry da Accord da ke titunanmu daga can suka fito. Ka tsaya a wajen, lambar da ta fito ka ɗauke ta hoto da wayarka kafin a goge. Amma ka sani lambar ba sunan kayan da za'a saya take faɗa ba, wajen da ciwon yake take nunawa. Misali P0301 cewa take silinda ta ɗaya tana fashin wuta, to wannan zai iya zama filogi, zai iya zama koyil, zai iya zama nozul. Bakaniken kirki zai cire koyil ɗin ya mayar da shi silinda ta biyu ya sake gwadawa, in matsalar ta bi shi ta koma can to shine mai laifin, koyil ɗaya zaka saya. Ni an taɓa sa ni na sayi guda huɗu reras a wani gareji, daga baya da na kai tsofaffin aka gwada uku lafiyarsu ƙalau. Tun daga ranar nake tambayar "ta yaya ka tabbatar shine?" kuma mai gaskiya baya jin haushin wannan tambayar, daɗi ma yake ji ya nuna maka ya iya aikinsa.

A rubuta, ko a takarda ko a WhatsApp

Da ya gama dubawa kace ya lissafo maka ɗaya bayan ɗaya. Sunan kowane kaya, sabo ne ko Beljiyam, wane kamfani, nawa. Sannan a ƙasa kuɗin aiki shi kaɗai. In baya rubutu ya yi maka sautin murya, shi ma shaida ne. In kaji yana ta kwana kwana, "haba Alhaji ai duk ɗaya ne, kawo kawai mu yi maka", ka sake maimaitawa cikin mutunci, in ya ƙi a karo na biyu to akwai abin da baya so ka gani.

Yanzu maganar kaya, nan ne kuɗin yake ɓuya.

Abu ɗaya a kasuwa zaka same shi kala huɗu ko biyar kuma farashinsu ba ko kusa. Akwai sabo gangariya na kamfanin motar a kwalinsa. Akwai sabo na kamfanonin da dama su ke yi wa masu ƙera motar kaya, irin su Denso da NGK da Bosch, waɗannan in ka samu na ainihi ba ka yi asara ba. Akwai Beljiyam, wanda mutanen kudu ke ce wa tokunbo, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a ƙasar waje. Akwai sabo mai araha wanda kwalin ya fi abin cikin kyau. Sai kuma na ƙarshe wanda ya fi ci min rai, kayan da aka ciro daga motar da ta gama shan wahala a nan gida, a wanke shi da fetur a goge a shafa masa baƙin fenti a ce maka Beljiyam ne. To kaga in bakanike yace maka "kayan dubu 40 ne" bai faɗa maka komai ba tukuna, sai ya faɗi wanne daga ciki. Cutar da aka fi yi ba wai ƙara farashi bane kai tsaye, a karɓi kuɗin mai kyau a ɗaura maka na ƙasa da shi.

Shawarata a nan, duk abin da dama cinyewa yake da aiki ka saye shi sabo: birki fad, filogi, filta, fanbel, boris, gasket, baƙin mai. Babu ma'ana ka sayi filogin da wani ya gama ƙonawa. Manyan kaya kuma irin inji, giyabos, kikstata, altaneto, ƙofa, fitila, a nan Beljiyam mai kyau yakan fi sabo mai araha nesa ba kusa ba, kuma sabon kamfani kuɗinsa sai ya tsorata ka. Shokazoba na Beljiyam kuwa sa'a ce, wani ya kai ka shekara biyu wani wata biyu ya fara zubar da mai. Taya ma ka duba shekararta, a gefenta akwai lamba huɗu a jere, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, komai kyan zanenta in ta tsufa ta tsufa, ga zafin kwaltarmu a watan Afrilu.

In zaka sayi babban kaya na Beljiyam kar ka bar shagon sai kun yi magana a kan kwanakin gwaji, kwana nawa ne in bai yi ba ka dawo da shi, canji za'a maka ko kuɗi, a rubuta a jikin rasit, kuma mai shagon ya sa alamarsa a jikin kayan. Kai ma ka ɗauki hotonsa. Sannan ka tambayi bakanike tun yanzu, in aka ɗaura injin nan bai yi ba, sake saukewa da ɗaurawa wa zai biya? Mutane basa tambayar wannan sai abin ya faru a zo ana ɗaga murya.

Sanin farashi kuma ba wuya. Ka ɗauki hoton tsohon kayan da lambar da ke jikinsa, ka haɗa da lambar chasis ɗin motarka, wadda take da harufa da lambobi 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma cikin takardun mota. Ka tura wa shago uku daban daban. In kana Kano ga Ƙofar Ruwa, Kaduna ga Panteka, Abuja ga Apo da Zuba, in kana da mutum a Legas ya leƙa maka Ladipo don kaya da yawa daga can ake hauro da su, ka ɗora kuɗin mota a kai ka gani. In ukun sun faɗi kusan abu ɗaya, na bakanikenka kuma ya ɗara da kaɗan, wannan ba abin faɗa bane. In ya ninka, to sai a zauna.

Amma fa kar ka riƙe farashin da a kanka. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kayan mota kuwa kusan duk shigo da su ake. Mutum sai ya zo yana rantsuwa shi dubu 12 ya sayi abu kaza, ka tambaye shi yaushe yace shekara huɗu da suka wuce. Bakanike bashi da laifi a wannan.

Sai maganar la'ada, wadda kowa ya sani amma ba'a son faɗa. Masu shago da yawa suna ware wa bakanike wani abu in ya kawo ciniki, wasu ma har tambayarsa suke nawa za'a rubuta a rasit. Saboda haka rasit shi kaɗai ba hujja bane, kira shagon da kanka ko ka tura kuɗin kai tsaye asusun mai shagon. Hanya uku ce a gabanka. Ko ku je kasuwar tare, shi ya zaɓa da idonsa na sana'a kai ka biya da hannunka, wannan ita na fi so in kayan mai tsada ne. Ko ka sayo da kanka ka kawo masa, amma ka sani in ka sayo ba daidai ba ko ya mutu bayan sati, kai zaka ɗauka, ba ka da bakin cewa ya sake maka aiki kyauta. Ko kuma ka bar masa ya sayo, ka ce masa a fili oga faɗa min gaskiyar farashin, kuɗin zuwa kasuwa da wahalarka zan baka daban. Wallahi sau da yawa wannan maganar kaɗai tana gyara zama, don mutumin ya bar aikinsa ya hau mashin ya shiga rana ya zaga shaguna, ba adalci bane ace wannan a banza. Malamai ma sun bambance, wanda ka aika ya sayo maka wakilinka ne, ba ya halatta ya ɗora riba a ɓoye, amma in kayan nasa ne yake sayar maka ko kun yi yarjejeniyar ladansa, to ciniki ne halal. Bambancin kawai a faɗa ne ko a ɓoye.

Kuɗin hannu, inda mu ma muke zalunci

A Turai da Amurka da awa ake lissafin aiki, akwai kundin da ya ƙayyade awa nawa kowane gyara ke ci a kowace mota, a ninka da kuɗin awa ɗaya na garejin. Mu nan da baki ake yanka shi, shi yasa sai ka yi naka awon. Tambayi kanka, awa nawa zai ci, me da me sai an sauke kafin a kai ga wajen, mutum nawa zasu kama, akwai na'ura ta musamman, in kuma aka yi kuskure me zai lalace. Canza birki fad na gaba aikin ƙasa da awa ɗaya ne. Canza kulochi kuwa, faifan kansa ba wani girma ba amma sai an sauke giyabos gaba ɗaya, yini ne. Tof gasket ma haka, abin da za'a saka ɗan siriri ne, amma sai an buɗe kan inji, a kai shi a duba ko ya lanƙwashe, a dawo a ɗaure kusoshi bi da bi da ma'auni, a saita tayimin. Don haka kar ka auna kuɗin aiki da kuɗin kaya, kace ya za'ayi kayan dubu 15 aikin dubu 40. Yana yiwuwa sarai kuma adalci ne.

Inda zaka sa ido shine aikin da ya hau kan wani. In an riga an sauke giyabos don kulochi, canza rilis boris da oyil sil na bayan inji ba sabon aiki bane, hannu na wajen, ɗan ƙari kaɗan ya isa, kar a lissafa maka kowanne kamar daga farko aka fara. Kuma dabara ce ka canza su a lokacin, don kar bayan wata uku ka sake biyan kuɗin sauke giya. Haka mai Peugeot 406, in za'a canza tayimin bel a duba wata famfo, wato famfon ruwan inji, da tenshina mai ɗame bel ɗin a lokaci guda. Mai Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuwa injinsa sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, in wani yace maka lokacin canza tayimin bel ya yi to ko dai fanbel yake nufi ko bai san motar ba.

To ga inda nake cewa muna da laifi. Mutum zai biya dubu 70 na kaya bai ce uffan ba don mai shago ba ya wasa, amma bakanike ya kwanta ƙarƙashin mota tun safe har la'asar, baƙin mai har cikin ido, yace dubu 15, sai a miƙa masa dubu 5 ace "riƙe wannan, ai kai namu ne". Mutumin nan yana biyan hayar fili, yana sallamar yaransa kullum, yana sayen sifana da jak da na'urar kwamfuta, ga iyali a gida kuma kasuwar da kake zuwa ita yake zuwa. In ka matse shi a kuɗin hannu, ina kake so ya fanshe? A kaya zai fanshe, kuma a ɓoye, kuma kai zaka hau motar da aka sa wa birki mai araha da iyalinka a ciki. Ba ina wanke mai ha'inci bane, Annabi SAW yace wanda ya yi mana algus baya cikinmu, amma kuma shine yace a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ni dai tun da na koma biyan kuɗin aiki yadda ya kamata ba jan rai, na ga ana faɗa min gaskiyar farashin kaya, har a ce min Alhaji wannan bar shi zai ƙara kai ka wata shida. Yaran gareji ma in ka samu hali ka basu na ruwa a hannunsu, sune ke ɗaure kusoshin tayarka.

Akwai kuma arahar da take tsada. Mota na zafi sai ace a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, kuɗi kaɗan an gama, alhali ba'a nemo dalilin zafin ba, ko lagireto ne ya toshe ko wata famfo ya gaji, inji kuma ya koma aiki a sanyaye yana shan mai. Man giya ma haka, motar otomatik kowacce da irin nata, Honda da nata Toyota da nata, a zuba mata kowane jan mai don ya fi sauƙi, bayan 'yan watanni giya ta fara fizga. Wanda ya ce maka a yi abin daidai ko da ya fi tsada ba shine mai cutarka ba.

Ranar karɓar mota

Ka ce tun farko a ajiye maka duk tsohon kayan da aka cire, a saka a but. Naka ne, kuma shine shaidar an canza. Tsohon batir ma kuɗi ne, ana saye, ko a rage maka a farashin sabo. In sabis ne ka ga galan ɗin baƙin mai a rufe da hatiminsa kafin a buɗe, ƙaramar mota irin Corolla wajen lita 4 take sha, in galan mai lita 5 ne ragowar a saka maka a mota. Sai katalis, wannan tukunyar da ke jikin salansa, a cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam shi yasa ake farautarta. In aka ce maka ta toshe sai an fasa an zubar da cikin, kar ka yarda a yi bayan idonka, in ma dole a cire to a baka abinka a hannu. Duk aikin da zai sa mota ta kwana a gareji, ka leƙa ƙasanta ka ɗauki hoto kafin ka tafi.

Kar ka biya kuɗin aiki duka kafin a gama. Kuɗin kaya a gaba, na hannu in an kammala kun zaga da motar tare ka ji ƙarar ta tafi. Ka biya ta taransifa ka rubuta abin da kuɗin yake, sannan ka tambaye shi in matsalar nan ta dawo cikin sati biyu fa? Yawanci zai ce kawo ta ba komai, to ka sa ya faɗa a gaban mutane ko a waya. Hajiyoyi masu mota, ku ma duk wannan tambayoyin haƙƙinku ne, babu buƙatar sai an nemo namiji ya tsaya, hoton lamba da kiran shago uku kowa zai iya.

In kuma duk da haka abu ya ɓaci, fara komawa wajensa kai kaɗai ba da hayaniya ba, da tsohon kayan da rasit da saƙonnin da kuka yi, sau da yawa a nan ake gamawa. In ya ƙi, kusan kowane babban gareji yana da shugaba da dattawa, da yawansu kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar makanikai ta NATA, suna zama su saurari ɓangare biyu kuma maganarsu tana da nauyi a wajensa don a cikinsu yake cin abinci. In babban kamfanin gyara ne mai ofis da rasit na kwamfuta, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi, kuma hujjar da zata taimake ka a wajensu itace takardar lissafin farko, shaidar biyan kuɗi, da hotunan kayan kafin da bayan aiki.